Mai Sayar da Murya na Maska

Ranar da Hansai ta kawo maganar, Maitama yana zaune a zaure yana tsince irin masara, yana ware ƙwayoyin da ƙwari suka huda. Maitama manomi ne a Tsiga, dattijo mai dogon wuya da ƙarancin magana. Hansai kuwa matar ƙanensa ce marigayi, kuma tun rasuwar ƙanen nan, duk abin da ya shafi 'yarsa Bushra, har da wanda za a ba aurenta, a wuyan Maitama yake.

Hansai ta durƙusa a bakin ƙofa, ta gaishe shi, sannan ta ce, "Yaya, mutanen Maska ne suka aiko. Suna so a ba su rana su zo gaisuwa a kan Bushra."

"Wane ne yaron?"

"Awaisu sunansa. Shi ma maraya ne, kakarsa ta riƙe shi."

"Me yake yi?"

Hansai ta gyara mayafinta. "Aikin kansa yake yi."

"Kowa ma aikin kansa yake yi. Ni da kike gani, aikin wa nake yi? Noma yake?"

"A'a."

"Shago gare shi?"

"Babu."

"Gwamnati?"

"A'a, Yaya."

"To wane ne ubangidansa, in je in tambaya?"

"Wai ba shi da ubangida."

Maitama ya ajiye faifan masarar. Sai ga murya daga bayan zana, inda Bushra ta laɓe tun ɗazu tana saurare.

"Baffa, murya yake sayarwa."

Maitama ya ga masu sayar da abubuwa iri-iri a rayuwarsa. Ya ga mai sayar da kashin jemage a buhu, ya ga mai sayar da ruwan saman farko a kwalba, ya ma taɓa ganin wani a kasuwar Dandume yana sayar da ƙaya, ita kaɗai, ba itace ba ganye. Amma duk waɗannan, in ka biya, ana miƙo maka abu ka riƙe a hannu. Murya kuwa, in mutum ya sayar da ita, da me zai koma gida?

Ya ce Bushra ta fito ta yi bayani. Ta fito kanta a ƙasa, amma bakinta bai mutu ba. Ta ce 'yan kasuwa ne suke faɗa wa Awaisu abin da suke so a ce game da kayansu, shi kuma ya tsara maganar, ya ɗauka a waya, ya tura musu, su sa a lasifika a kasuwa. Ta ce har Alhaji Mannir mai taki da iri a Funtua shi yake yi wa. Ta ƙara da cewa da wannan sana'ar ya sayi sabon mashin, kuma wayoyinsa biyu ne, ɗaya ta aiki ɗaya ta gida.

Da ta san yadda wannan ƙarin zai sauka a kunnen baffanta, da ta haɗiye shi. Shekarun nan ba shekarun da ake jin saurayi da wayoyi biyu da sabon mashin, ba gona ba shago, a yi shiru ba ne. Kowa a yankin ya san yadda mutanen daji suke samun labarin wanda ya sayar da hatsi ko ya ƙara shanu. Ba iska ke kai musu ba. Wani ne a cikin gari, mai gaishe ka da safe, yake faɗa musu ta waya.

Maitama ya ce, "A ce musu su saurara. Zan yi bincike."

Binciken aure kuwa, yadda Maitama ya gada daga iyayensa, a ɓoye ake yin sa. Ba ka faɗin dalilin tambayarka. In ka faɗa, kowa zai yi ta yabon yaron don kada a ce shi ya ɓata aure. In kuma ka faɗa, daga baya ka fasa bayarwa, ka bar wa yaro da yarinya tabon da ba ya goguwa. Saboda haka sai ka bi ta gefe, kamar hira ce ta kawo maganar. Haka aka bincika Maitama da kansa lokacin da ya nemi aure, bai ma sani ba sai da 'ya'yansa suka girma.

Ranar kasuwa ya saka farar hularsa ya shiga mota zuwa Funtua. Bai sha wahalar gane shagon Alhaji Mannir ba, don tun daga nesa ya hango mutane sun yi tsaye suna dariya a gaban wata lasifika da aka rataye a jikin ginshiƙi. A cikinta wata tsohuwa ce take yi wa wani manomi tsiya.

"Kai Malam, wannan masararka ce ko tsintsiya ka shuka? Akuyata ta leƙa gonarka ta dawo tana kuka!"

Manomin yana ta kame-kame, tsohuwar tana ta ƙara masa, har ta kai shi ga sayen takin Alhaji Mannir. Maitama ya tsaya ya ji har ƙarshe, ya kuma ji ta sake farawa. Tsohuwar ta tuna masa da wata gwaggonsa mai kaifin baki, har ya ji kamar ya nemi inda take ya gaishe ta.

Ya shiga shagon, ya taya irin waken suya da ba ya da niyyar saye, sannan ya ce, "Alhaji, wannan talla taka ta yi daɗi. Wa ya yi maka?"

Alhaji Mannir, mutum mai jiki da fara'a, ya gyara zama. "Wani yaro ne, Awaisu, ɗan Maska. Ai labarinsa abin sha'awa ne. Da a rumfar cajin waya yake, yaron Mansur. Wata rana wani mai yawo da maganin ɓera a baro, muryarsa ta dishe saboda ihu, yaron nan ya ji tausayinsa ya ɗaukar masa talla a waya, kyauta. Kafin a jima duk masu baro sun yi layi. Da ya ga abin ya kankama sai ya yi wa Mansur sallama. Ni da kaina na aika aka kira shi. Abin da nake so da shi, in ya ce gobe, to goben ce. Yanzu har daga Zariya da Kaduna ake turo masa aiki, mutanen da bai taɓa ganin fuskarsu ba."

Wannan maganar ta ƙarshe ita ce ta maƙale wa Maitama.

"Su wane ne mutanen?"

"Ina na sani? Masu kaya dai irina."

"Yana sanin ranar da kayanka suke isowa?"

"Dole mana. Ai shi ke sanarwa."

"Da ranar da kake tashi zuwa saro kaya? Da hanyar da kake bi?"

Alhaji Mannir ya buɗe baki zai amsa, ya fasa. Ya dubi Maitama daga hula har takalmi. Fara'ar ta janye daga fuskarsa a hankali.

"Malam, lafiya?"

"Lafiya lau. Tambaya ce kawai."

"Daga ina kake?"

"Tsiga."

Maitama ya yi sallama ya fito. Bai yi nisa ba sai ya ji an katse tsohuwar a tsakiyar magana, lasifikar ta yi tsit. Ya waiga, ya gyaɗa kai. A ransa ya ce, ashe shi ma Alhajin akwai abin da ya sani bai faɗa ba.

Daga nan ya nemi rumfar Mansur, tsohon ubangidan yaron. Ya same shi a cikin wayoyi da igiyoyin caji kamar gizo a cikin saƙarsa. Mansur ya ce shi dai ba su rabu da Awaisu da faɗa ba, amma ya gargaɗe shi cewa wanda ba shi da ubangida ba shi da mai tsaya masa ranar da abu ya ɓaci.

"Kuma Baba, abin da ban gane ba, in zai yi aikin ba ya yi a nan Funtua. Maska yake tafiya, ya kashe wayar gida, a neme shi a rasa. Wani abu aka ce ya yi ne?"

"Ban ce ba."

"To me ya sa kake tambaya?"

"Hira ce."

Ya yi irin wannan hirar da mai shayin bakin tasha, da wani mai sayar da atamfa, da ɗan acaɓar da ya mayar da shi tasha. Duk inda ya tashi, yakan bar mutum ya yi jugum, shi kuma yana ɗaukar jugum ɗin a matsayin shaida.

Washegari ya tafi Maska. A can yana da tsohon sani, Buba, wanda suka yi shekaru suna haɗuwa a wurin awon auduga, yanzu kuma shi ne babba a cikin 'yan sintirin gari. Suka gaisa, suka taɓa maganar damina, sannan Maitama ya sako sunan Awaisu kamar tuna shi ya yi.

Buba ya ƙanƙance ido. "Maitama, ba ka taso daga Tsiga don ka tambaye ni ruwan sama ba."

"Hanya ce ta biyo da ni."

"Hanyar ina? Daga nan sai daji."

Buba ya jira, da ya ga ba zai samu komai ba sai ya nuna masa gidan kakar yaron da baki. Ya ce da rana tsaka yaron yake zuwa, ya shige, ba a sake ganinsa sai la'asar. Maƙwabta kuma sun sha cewa suna jin maganar baƙi a gidan, alhali ba a ga shigar kowa ba.

A bayan gidan akwai tsamiya, kusa da ita katanga ta zube ta bar kafa. Nan Maitama ya tsaya, kamar mai shan inuwa. Daga nan yana hangen tsakar gida da wani tsohon rumbun ƙasa, irin mai zama a kan duwatsu, da jinkarsa ta ciyawa.

Da rana ta take, sai ga saurayi ya shigo da mashin, siriri, ba wani abin kallo a jikinsa. Ya gaida kakarsa, ya sha ruwa, ya zauna. Matan maƙwabta suna daka, shi kuma yana zaune yana kallon katanga, bai motsa ba sai da taɓarya ta ƙarshe ta yi shiru. Sannan ya ɗebi dussa ya kai can ƙarshen gida ya watsa, kaji suka bi. Ya ɗauko tsani ya jingina da rumbun, ya hau, ya ɗaga jinkar, ya zura ƙafa, ya shige, ya jawo jinkar ya rufe kansa.

Maitama ya shekara fiye da sittin yana ganin ana zuba hatsi a rumbu. Bai taɓa ganin mutum ya zuba kansa ba.

Ya matso da kunnensa. Da farko shiru. Can sai ga muryar tsohuwar nan ta Funtua, ita ce ba wata ba, tana fitowa daga cikin rumbun, wannan karon tana yi wa wani faɗa a kan sabulu. Wani Bafulatani ya amsa mata, da irin Hausar rugga. Wani ƙaramin yaro ya fashe da kuka. Aka yi shiru, tsohuwar ta sake maimaita abin da ta faɗa, ta kuma sakewa, kamar wadda aka hana ta wuce wurin. Maitama ya san rumbun nan ba zai ɗauki mutum huɗu ba, amma idonsa bai daina jiran ya ga an fito da tsohuwa ta saman jinka ba.

Da la'asar ta gabato aka ɗaga jinkar. Awaisu ya fito shi kaɗai, sharkaf da gumi, ƙaiƙayi ya manne masa a wuya.

A hanyar komawa Tsiga, Maitama ya ga zarginsa na farko ya ɗan ragu, don abin da ya ji a rumbun sabulu ne, ba shanun kowa ba. Sai dai wani zargin ya tsiro a gurbinsa, wanda ya fi shi cin rai. Mutumin da ke da tsohuwa a maƙogwaronsa, da Bafulatani, da ƙaramin yaro, wacce ce tasa muryar? Wanda zai iya yin kuka don a sayi sabulu, me zai gagare shi faɗa wa yarinya a ƙofar gida? Ya tuna ƙanensa, ya tuna amanar da ya bari. Da ya isa gida ya ce wa Hansai, "A ƙara dakatawa."

Bushra ta kawo masa tuwo ta ajiye, ta juya ta fita. Haka ta yi ta yi kwana da kwanaki, tana gaishe shi da ladabin da ya fi zagi zafi.

Wata safiya ta shigo zaure ba a kira ta ba, uwarta na biye da ita. Idanunta sun yi ja.

"Baffa, sun kira shi."

"Su wa? Wa aka kira?"

"Awaisu. 'Yan sintirin Maska sun ce yau bayan azahar ya zo ƙofar mai unguwa da wayoyinsa. Alhaji Mannir ya ce kada ya sake taka shagonsa. Mai atamfa ya janye aikinsa. Har masu baro ba sa ɗaukar wayarsa. Wai shi ke kai wa mutanen daji labari."

Maitama ya ji wani abu kamar sauƙi a ƙirjinsa. Ya dubi Hansai. "Kin gani ko? Ashe ba ni kaɗai na ga alama ba."

"Yaya, ka san daga ina maganar ta taso?" in ji Hansai a hankali. "Cewa ake wani dattijo ne ya zo daga Tsiga yana bin sawunsa, yana tambayar wa ke kiransa, ina yake kwana. An ce dattijo ba ya yin haka sai ya ji wani abu babba. An ce mai dogon wuya ne, da farar hula."

Hular tana rataye a ƙusa, a saitin kan Maitama. Babu wanda ya dube ta, shi ma bai duba ba.

"Ni bincike na yi," in ji shi. "Haka ake yi. Haka aka yi mini."

"Lokacin da aka yi maka, Yaya, in aka ji dattijo yana tambayar saurayi, dariya ake yi a ce aure ya zo. Yanzu ba abin da ake fara kawowa a rai ke nan ba."

"Ba shi da shago da za a ce a je a gani, Baffa," in ji Bushra. "Sunansa kaɗai gare shi. Shi ake kira a ba shi aiki."

"Ka je ka faɗa musu dalili," in ji Hansai.

Maitama ya san abin da faɗar take nufi. In ya tsaya a gaban jama'a ya ce binciken aure yake yi, to ba shi da sauran hanyar ja da baya. Ranar da ya ce ya fasa, kowa zai ce ya gano wani abu ne, kuma wannan karon ba mai iya wanke yaron. Faɗin dalili daidai yake da bayar da Bushra. Shi kuwa har yanzu bai san wacce ce muryar yaron ba.

Ya miƙa hannu ya ɗauko hular.

Ya isa Maska ya tarar an riga an taru. Mai unguwa yana kan tabarma da dattawa, Buba da mutanensa suna tsaye da sandunansu, mata sun taru a nesa, kakar yaron a cikinsu ta dafe kai. Awaisu yana zaune a ƙasa a tsakiya, wayoyinsa biyu a gaban Buba. Maitama ya raɓa ya zauna a baya.

Buba yana ta jan yatsa a kan waya. "Wannan lambar ta wa ce?"

"Wa-wani mai ma-man shafawa ne a Zariya."

"Ka san shi?"

"A wa-waya kawai."

Maitama ya ɗaga kai. Bai taɓa jin yaron ya yi magana a fili ba sai yanzu. Muryar siririya ce, ba daɗi, kuma tana tuntuɓe. Ashe mai sayar da murya i'ina gare shi.

"Me kake yi a rumbu?" in ji mai unguwa.

Awaisu ya yi bayani da ƙyar, kalma tana kama kalma. Ya ce a Funtua ƙarar inji da mashin ba ta barin a ɗauki magana, ɗakin siminti kuma yana dawo wa mutum da muryarsa. Ya gwada cikin mota, ya gwada cikin bargo, sai wata rana kakarsa ta aike shi ɗebo dawa, ya yi tari a cikin rumbun, ya ji tarin bai dawo ba. Tun daga ranar can yake aiki.

"To yi mu ji," in ji wani dattijo.

Awaisu ya rufe ido. Sai ga tsohuwar nan ta fito tsaf, ba tuntuɓe ko ɗaya, ta kama sandar Buba da tsiya, ta ce ko muciyar tuwonta ta fi ta kwarjini. Wurin ya kaure da dariya, har mai unguwa ya rufe baki da hannun riga.

Buba bai yi dariya ba. Ya jira aka lafa, sannan ya ce, "Kun ji da kunnenku. Wanda zai iya zama tsohuwa a waya, in ya kira daji, wa zai gane shi ne?"

Dariyar ta mutu nan take. Mutane suka fara duban juna. Waɗanda suka matso kusa da yaron suka ɗan ja baya.

"Kuma ga wanda ya fara gano shi can zaune," in ji Buba, ya nuna da sanda. "Maitama, taso. Ka ɓoye mini rannan, yau sai ka faɗa. Me ka ji a kansa?"

Maitama ya tashi, ya ratsa mutane, ya tsaya a gaban Awaisu. Bai dubi Buba ba.

"Yaro, kana da muryoyi masu santsi a cikinka. Na ji su. Ga shi ana neman a hallaka ka. Me ya hana ka ɗauko ɗaya ka kare kanka da ita?"

Awaisu ya ɗago ya dubi dattijon da bai sani ba. "Wa-waɗancan na talla ne, Baba. Ba a ra-rantsuwa da su."

Amsar ba hujja ba ce, Maitama ya sani. Mai wayo ma zai iya faɗin haka. Amma ya ga yadda leɓen yaron ke rawa yana kokawa da kalma, alhali ga hanya mai sauƙi a maƙogwaronsa ya ƙi bi.

"To da wacce kake zuwa zance ƙofar gidanmu a Tsiga?"

Daga wajen mata wata ta ce, "Au!" Awaisu ya zaro ido, ya gane wanda ke gabansa, ya sunkuyar da kai har goshinsa ya kusa taɓa ƙasa.

"Da wa-wannan, Baba. Har da-dariya take yi mini."

Maitama ya juya ga mai unguwa. "Ranka ya daɗe, ban ji komai a kansa ba. Babu wanda ya kawo mini ƙararsa. 'Yar ƙanena yake nema, ni ne waliyyinta, na fito bincike. Duk tambayar da aka ce an yi a Funtua da nan, ni na yi ta, kuma dalilinta ke nan."

Buba ya buga sandarsa a ƙasa. "Haba Maitama! Don Allah dubi abin da ka sa muka kusa yi. Me ya hana ka faɗa mini?"

"Ba a faɗa."

"Da ne ba a faɗa! Yanzu ko hanyar masallaci ka tambaya, sai ka faɗi dalili."

Mai unguwa ya ɗaga hannu aka yi shiru. "To Malam Maitama, mun ji. Amma maganar ba ta ƙare ba. Ka yi bincike, ka ga abin da ka gani. In ka tashi daga nan ba ka faɗi abin da ka yanke ba, kowa zai koma gida da nasa tunanin. Ka ba shi, ko ba ka ba shi ba?"

Duk idanu suka dawo kansa. Maitama ya ji nauyin maganar a harshensa. Ya so a ce ya samu ko da wata guda ne ya ƙara dubawa, ya ji ta bakin wasu, ya ga yaron cikin fushi, ya ga yadda yake in ya rasa. Amma shi da kansa ya cinye wannan damar.

"Su zo Tsiga ranar da suka shirya," in ji shi. "Na ba shi."

Kakar yaron ta rangaɗa guɗa da muryar da ta tsufa, sauran mata suka kama mata. Buba ya tura wa Awaisu wayoyinsa da bakin sanda.

"Ɗauki. Amma ni idona yana kanka, angon rumbu. Kuma daga yau in ka shiga, ka bar jinkar a buɗe."

"Ka-kaji za su shiga cikin tallar, Baba Buba."

"Su shiga. Su ma a biya su."

Da taro ya watse, Awaisu ya zo ya durƙusa a gaban Maitama. Maitama ya ce ya tashi ya tayar da mashin, don aiki bai ƙare ba. Akwai Alhaji Mannir, akwai Mansur, akwai mai shayi da mai atamfa, kowanne sai ya je da ƙafarsa ya warware abin da ya ƙulla. Ɗan acaɓar nan ne kawai bai san inda zai same shi ba, kuma ya san shi ne ya fi kowa yawo da magana.

Suka kama hanyar Funtua, masara ta yi kore dama da hagu, Maitama a baya ya riƙe hularsa da hannu ɗaya. Sun kusa rabin hanya sai Maitama ya ji wani abu yana kaɗawa a aljihun yaron, yana taɓa masa gwiwa.

"Wa ke kira?"

Awaisu ya rage gudu, ya zaro wayar ya duba. "Ba-baƙuwar lamba ce, Baba. Zan kira daga baya."

"Ba ka san ko aiki ba ne. Da me za ka riƙe mini 'ya in kana ƙin ɗaukar waya? Tsaya a gefe ka ɗauka."

Awaisu ya gangara gefen hanya ya kashe mashin. Ya sauka zai ɗan matsa don kunya.

"A'a," in ji Maitama. "Nan. Ƙara sautin, ni ma in ji."